Idan injinan P-38 duka biyu suka mutu a sama, ina zai iya kaiwa?

Wani ɗan'uwa mai sha'awar tarihin jiragen yaƙi ya aiko mini da tambaya. Ya ce ya daɗe yana kallon hotunan P-38 Lightning, jirgin Amurkan nan mai inji biyu da jela biyu na Yaƙin Duniya na Biyu, kuma duk sanda ya dube shi sai ya ga kamar in injinan suka mutu a sama, faɗowa zai yi kamar an saki dutse cikin rijiya. Yana so ya ji ko haka ne, ko kuwa jirgin yana iya shawagi ya kai matuƙinsa wani wuri.

Malam, ba zai faɗo kamar dutse ba. Hasali ma, in nisa kake tambaya, P-38 ya fi yawancin ƙananan jiragen koyon tuƙi na yau iya shawagi. Matsalarsa a wani wuri take: yana saukowa da gudu, lokacin da yake ba matuƙi kaɗan ne, kuma nisan da zai kai ya rataya ne a kan abin da matuƙin ya yi da farfelu biyun nan a cikin daƙiƙun farko.

Mu fara da abin da ke riƙe jirgi a sama. Mutane da yawa suna ɗauka inji ne. Fiffike ne. Aikin inji shi ne ya ja jirgin gaba, iska ta bi ta kan fiffike, fiffiken ya ɗaga shi. In inji ya mutu, akwai wani abin da zai ci gaba da jan jirgin, wato nauyinsa, muddin matuƙi ya sunkuyar da hancin kaɗan. Kamar direba ne ya sa mota a firi a kan gangara. Motar ba ta tsaya ba, gangarar ce ke biyan kuɗin tafiyar. Jirgi ma haka, tsawon da yake da shi a sama shi ne mansa na ƙarshe, kuma tambayar ita ce mita nawa zai ci gaba a kan kowace mita ɗaya da ya sauko.

Wannan lissafi yana fitowa ne daga ƙarfin ɗagawar fiffike in an raba shi da tirjiyar da iska ke yi wa jirgin. Wani injiniyan hukumar NASA, Laurence Loftin, ya wallafa irin waɗannan alƙaluma na jirage da dama, kuma ya ba P-38 13.5. Ma'ana, a yanayi mafi kyau, duk mita ɗaya da ya sauko zai ci mita goma sha uku da rabi a gaba. P-51 Mustang, wani jirgin faɗan Amurka mai inji ɗaya wanda ake yabo da sumul ɗin jiki, ya samu 14.6, ka ga tazarar ba ta da yawa. Ƙaramin Cessna 172 da ake koyar da ɗalibai da shi yana wajen 9 ne. Boeing 767 ɗin kamfanin Air Canada da mai ya ƙare masa a 1983, ya sauka a Gimli ta ƙasar Kanada ba inji, ya yi shawagi a kan kimanin 12.

Dalilin wannan kyakkyawan adadi yana nan a hoton da kake kallo. Dubi fiffiken. Faɗinsa daga wannan baki zuwa wancan mita 15.85 ne, girman shimfiɗarsa kuma murabba'in mita 30.4. Dogo ne siriri in ka gwada shi da na sauran jiragen faɗa na zamaninsa. Kelly Johnson da Hall Hibbard na kamfanin Lockheed sun zana shi ne don ya hau sama da sauri ya tare jiragen bama-bamai, kuma dogon fiffike siriri shi ne ke rage tirjiyar da ɗagawa kanta ke haifarwa. Shi ya sa shirwa da shamuwa suke yini a sama ba sa kaɗa fiffike sai jefi-jefi.

Sai dai jirgin ba shirwa ba ne wajen nauyi. Ba komai a cikinsa yana da kilo 5,800, in an cika shi da mai da harsasai ya kai wajen kilo 7,900. Raba wannan da girman fiffiken, za ka ga kowace murabba'in mita tana ɗauke da kilo 260. A nan ne mutane ke yin kuskure, su ce to ai nauyin nan zai rage masa nisa. Ba ya ragewa. Jirage biyu iri ɗaya, ɗaya cike ɗaya fanko, in aka sake su daga wuri ɗaya ba iska, gangara ɗaya za su bi, wuri ɗaya za su dira. Mai nauyin zai dai riga isa. Nauyi gudu yake ƙarawa, lokaci yake ragewa.

Na zauna na buga lissafin da waɗannan alƙaluma. Gudun da P-38 yake buƙata don ya samu mafi kyawun shawaginsa yana tsakanin kilomita 250 zuwa 275 a awa, gwargwadon abin da ya rage masa na mai da kaya. A wannan gudu yana zubar da sama da mita 300 na tsawo kowane minti. Daga mita 3,000 ke nan zai iya cin kilomita 40, kusan daga Kano zuwa Wudil, a cikin minti tara ko makamancin haka. Daga mita 6,000 zai doshi kilomita 80. Cessna kuwa a kan kilomita 120 a awa yake shawaginsa, ba ya kai nisan, amma ɗalibin da ke ciki yana da sararin dubawa ƙasa ya zaɓi gona.

Gudun yana da ranarsa guda ɗaya. In iska mai kilomita 40 a awa tana bugo ka ta gaba, ta cinye wa Cessna kashi ɗaya cikin uku na nisansa. P-38 abin da za ta ɗebe masa wajen kashi 15 cikin ɗari ne kawai.

Duk wannan lissafin takarda ne, kuma takarda ba ta san farfela ba. Wannan shi ne ɓangaren da nake so ka fi riƙewa.

Inji in ya mutu a sama, farfela ba ta tsayawa. Iska ce ke ci gaba da juya ta, ita kuma tana juya injin gaba ɗaya. Injin P-38 kuwa Allison V-1710 ne, silinda 12, lita 28. Duk wanda ya taɓa tura mota tana cikin giya ya san bambancinta da wadda ke firi. To iskar ce ke tura injina biyu masu lita 28 suna cikin giya, kuma ƙarfin da take kashewa a wannan aiki daga tsawon jirgin ake cire shi. Kowace farfela faɗinta mita uku da rabi ne. In ka auna da'irar da biyun suke sharewa, ta kai murabba'in mita 19, kusan kashi biyu cikin uku na girman fiffiken kansa. Ba cewa nake sun zama faifai biyu a toshe ba, amma birki ne na gaske. A ƙiyasina, jirgin da farfelunsa biyu ke juyawa haka zai sauko daga 13 zuwa wajen 8 ko 9. Kilomita 40 ɗin nan ta koma 24 zuwa 27, minti taran ya koma shida.

Maganin shi ne a juya kunnuwan farfelar su ba iska kaifinsu maimakon faɗinsu. Ka taɓa fitar da hannu ta tagar mota tana gudu? In ka buɗe tafin, iska ta tura shi baya. In ka kwantar da shi kamar wuƙa, sai ya ratsa. Haka ake yi wa farfela, sai ta tsaya cak, tirjiyarta ta ragu ƙwarai. A nan P-38 ya fi yawancin jiragen faɗa masu inji ɗaya, domin an yi farfelunsa da wannan dabara tun asali, tun da an san wata rana zai dawo gida da inji ɗaya.

Amma farfelun Curtiss ne masu aiki da lantarki. Ƙaramar mota ce ta wuta ke juya kunnuwan. Samfuran farko kuma janareta ɗaya gare su, a jikin injin hagu, sai daga baya aka ƙara na biyu. In injinan duka sun tsaya, batir kaɗai ya rage, kuma shi ne zai juya kunnuwa shida, shi ne zai riƙe rediyo, shi ne zai mayar da kunnuwan in ana so a sake gwada tayar da inji. Matuƙin da ya daɗe yana jan batirinsa bai sani ba, zai danna makunnin ya ga farfela ta ci gaba da juyawarta.

Akwai kuma wata tsaka mai wuya. Tsayar da farfela yana ƙara nisa, amma farfela mai juyawa ita ce ke tayar da inji nan take in mai ya dawo. Kuma abin da ya fi kashe injina biyu a lokaci ɗaya, in ba harbi ba, shi ne mai. Inji biyu ba sa lalacewa tare a daƙiƙa guda haka kawai. Tankunan P-38 suna da yawa: babban tanki, na ajiya, waɗanda ake rataya wa a ƙarƙashi a yar in sun ƙare, sannan samfuran baya an ƙara musu wasu a cikin fiffike. Kowane inji da nasa makunnin zaɓen tanki. Kanar Harold Rau, kwamandan runduna ta 20 ta jiragen faɗa a Ingila, ya rubuta takarda a watan Yunin 1944 yana kokawa da yawan abubuwan da sabon matuƙi zai taɓa a cikin wannan jirgi a lokacin da abokan gaba suka afko masa, kuma canza tanki yana cikinsu. Saboda haka in kana can sama da tsawo a hannunka, abin fari shi ne ka kama gudun shawagi, ka duba makunnan mai, ka kunna famfunansa, ka ba injinan dama su kama. In sun ƙi, sannan ka tsayar da farfelu, ka yar da tankunan waje, ka juya hanci wajen da kake so ka sauka. In ka yi gaggawar tsayar da su, wataƙila ka jefar da lafiyayyen jirgi da mai a cikinsa. In ka yi jinkiri, ka zubar da mita ɗari biyar kowane minti kana laluben makunni.

Irin wannan ta faru a gaɓar tekun Wales ranar 27 ga Satumban 1942. Laftanar Robert Elliott yana atisaye da P-38F, matsalar mai ta kama shi, ya sauko da jirgin a ruwa marar zurfi kusa da Harlech, ya fito lafiya. Jirgin yana nan a cikin yashi har yau, wani lokaci in ruwa ya janye yashin ya kwashe sai a gan shi. Shi kuwa Elliott ya ɓace a fagen daga a Arewacin Afirka 'yan watanni bayan haka.

Jiragen da na koyi tuƙi da su ƙanana ne masu inji ɗaya, amma akwai abin da ba ya canzawa daga jirgi zuwa jirgi. Ranar da malamina ya fara ja mini totur baya ba sanarwa, ƙarar da na saba da ita ta ɗauke, sai shuuu ɗin iska a jikin gilashi. Kafin in yi tunanin komai na tarar hannuna ya ja sitiyari zuwa ƙirjina. Jiki ba ya son ƙasa, yana so ya riƙe tsawon da yake da shi. Malamin bai ce uffan ba, yatsa kawai ya sa a kan agogon gudu, na ga allurar tana zamewa baya. Sai da na tura hancin ƙasa da kaina, ƙasa ta cika mini gilashin gaba, sannan jirgin ya daidaita. Tun ranar nake gaya wa duk wanda ya tambaye ni cewa wanda ya ja hanci sama don ya ƙara nisa, nisan yake ragewa. Ƙasa da gudun shawagi tirjiya ƙaruwa take yi, in aka ci gaba kuma fiffike ya saki iska gaba ɗaya. A P-38 wannan sakin yana zuwa ne a wajen kilomita 170 a awa, gudun da ƙaramin jirgina yake tafiyarsa ta yau da kullum da inji a kunne.

In abin ya faru a ƙasa-ƙasa, babu wani dogon zance. Daga mita 300, minti ɗaya ne ko ƙasa da haka, kilomita uku ko huɗu. Shan kwana kuma yana cin tsawo. Abin da ke gabanka shi ne filinka.

Sai sauka kanta, inda aka fi asarar rayuka. Tayoyin P-38 uku da leɓɓan bayan fiffike, waɗanda ake zarowa don a rage gudu, duk da haidirolik suke aiki, famfunan haidirolik ɗin kuma injina ke juya su. Ka tsayar da farfelu, ka tsayar da famfunan. Akwai famfon hannu a gefen kujera, amma bugunsa yana cin lokaci, yana kuma cin hannu ɗaya a sa'ar da kake buƙatar duka biyun. Kuma da zarar tayoyi da leɓɓa sun fito, wancan adadi mai kyau ya tafi, jirgin ya koma bin gangara mai tsini. Shi ya sa ba a fitar da su sai an tabbatar filin ya shigo hannu. Gara ka iso da tsawo fiye da kima ka zubar da shi, da ka iso a gajarce, domin ba abin da zai mayar maka da mita ɗaya.

P-38 na farko a duniya a haka ya ƙare. Ya fara tashi ranar 27 ga Janairun 1939. Ranar 11 ga Fabrairu, Laftanar Ben Kelsey ya ɗauko shi daga Kalifoniya ya ratsa Amurka zuwa filin Mitchel a New York, awa bakwai da minti biyu a sama in an cire tsayawar shan mai. Yana gab da sauka, ya rage gudu, ya sauko ƙasa, ya tura totur don ya ƙarasa, injinan suka ƙi amsawa. Abin da aka fi ambata shi ne ƙanƙara ta toshe kafireta. Ya faɗi a wani filin golf kafin titin sauka. Shi ya tsira, jirgin ya tashi aiki. Da a mita 3,000 abin ya same shi, da yana da mintuna da zaɓi. A inda ya same shi, fiffike mai kyau bai da abin da zai yi masa.

Ka ƙara da cewa ƙarfin karo yana ninkuwa ne da gudu sau gudu. Jirgin da ya taɓa ƙasa a kilomita 170 yana ɗauke da kusan ninki huɗu na abin da kowane kilo nasa zai ɗauka a kilomita 90. Shi ya sa tambayar a fito da taya ko a sauka da ciki take da nauyi. A kan titi mai kwalta, taya. A gona, ko yashi, ko ƙanƙara, tayar gaba tana iya nutsewa ta kifar da jirgin, kuma matuƙin P-38 yana zaune ne a tsakiya ƙarƙashin rumfar gilashi, ba abin da ke samansa.

Mafi yawan matuƙan da suka tuƙa wannan jirgi ba su taɓa ganin injina biyu a mace ba. Abin da suka sani shi ne dawowa da ɗaya, kuma don haka ne aka ƙaunace shi a yaƙin tekun Fasifik, inda ake tafiyar ɗaruruwan kilomita ba tudu. Shi ma inji ɗayan yana da nasa tarkon a lokacin tashi. In ɗaya ya mutu kafin gudu ya kai mil 120 a awa, wajen kilomita 190, mai ran zai murɗe jirgin ya kifar da shi. Abin da aka koya musu shi ne su fara rage wa mai ran wuta, su daidaita jirgin, su tsayar da farfelar mataccen, sannan su ƙara wuta sannu a hankali. Tony LeVier, matuƙin gwaji na Lockheed, har Ingila ya je a 1944 yana nuna wa matasan matuƙa abin da jirgin ke iya yi da farfela ɗaya a tsaye, don ya cire musu tsoro.

Game da taya da ciki kuwa, akwai ranar da aka gwada duka biyun a fili ɗaya. Ranar 15 ga Yulin 1942, P-38 guda shida da jiragen bama-bamai B-17 guda biyu suna kan hanyar zuwa Ingila, mummunan yanayi ya mayar da su baya, mai ya yi ƙasa, suka yanke shawarar sauka a kan ƙanƙarar Girinland tun injinansu na da rai. Na farko, Laftanar Brad McManus, ya sauko da tayoyi a waje. Tayar gaba ta karya ɓawon ƙanƙarar ta nutse, jirgin ya wuntsila ya kwanta a bayansa. Allah ya yi da sauran kwanansa, ya fito da 'yan raunuka. Sauran suna sama suna kallo, sai suka bar tayoyinsu a ciki, suka zo ɗaya bayan ɗaya suka zame a kan cikinsu. Mutum 25 ne a jiragen takwas, kuma bayan kwanaki aka kwashe su duka da rai. Ɗaya daga cikin waɗanda suka sauka da cikin shi ne aka haƙo a 1992 daga ƙarƙashin ƙanƙara mai zurfin mita 82, aka gyara shi, aka sa masa suna Glacier Girl, ya sake tashi a watan Oktoban 2002.